Tukwanen Malam Sirajo

Ranar da na fara sanin Malam Sirajo an tashi da zafi irin na ƙarshen bazara, wanda tun da hantsi za ka ji ƙasa na cin ƙafarka ta cikin takalmi. Hadari ya taso ta gabas ya tsaya wuri ɗaya, ba ruwa, ba iska. Mu mahauta mun san irin wannan rana. Naman da anka yanka da asuba, in bai ƙare kafin azahar ba, to sai dai a shanya shi. Shekarar dubu ɗaya da ɗari tara da casa'in da biyu ce, Jihar Kebbi ba ta cika shekara da rabuwa da Sakkwato ba.

Ina rumfata a kasuwar Birnin Kebbi anka zo anka ce mini inji ya kama Kalilu. Kalilu ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Tun yana saurayi ya ƙi fawa, ya ce shi ba ya son ganin jini, ya tafi Zauro yana aiki a injin casar shinkafa. Injinan lokacin bel ɗinsu a buɗe yake, ba murfi. Ya kai hannu zai janye buhun da ya matso, bel ya fizge shi. Ya yanke masa babban yatsa da biyu na kusa da shi, na hannun dama.

Da na isa na iske an ɗaure masa hannun da rawani, yatsun kuma an tsince su an ɗora a faifai an rufe da wani faifan. Dattawan wurin sunka ce mini abin da kowa ya sani: abin da ya rabu da jikin ɗan Adam ba a barinsa a fili, suturta shi ake yi. Ni ne babba, ni zan yi. Na sami farin ƙyalle na naɗe su, na haƙa rami a gindin giginya bayan injin. Ban ma yi gaggawa ba. Na zurfafa ramin sosai don kada kare ya tone, na jera duwatsu a kai. Sannan munka sa Kalilu a motar shinkafa zuwa asibiti.

Wanda ya karɓe mu wani malamin asibiti ne, siriri, baƙi, mai tsagen Kabawa a kumatu. Ya kwance rawanin a hankali, ya duba, ya ɗago ya kalle ni.

"Ina yatsun?"

"Mun suturta su," na ce.

Ya dubi agogon bango. "Yaushe?"

"Kafin mu taso."

"Koma ka tono su. Yanzu. Kada ka wanke su, ka kawo yadda kas same su."

Na ɗauka ko ban ji daidai ba. Ya sake faɗa, bai ɗaga murya ba. Na hau babur na haya na koma Zauro, na ɗebe duwatsun da na jera da hannuna, dattawa na kallona. Kafin in dawo la'asar ta kusa. Anka kira wani likita mai suna Ja'afar, ya sa wani tabarau mai ƙara girman abu, ya buɗe ƙyallen ya duba. Bai daɗe ba ya girgiza kai. Ni ma da na leƙa na san ba sauran amfani, don sana'ata ce. Nama ya yi rabin yini cikin ƙasa mai zafi. Likita ya ce da sun zo da sanyinsu da wuri, babban yatsan dai da ya gwada mayar da shi, don ya koyi wannan aikin. Ranar na fara jin ana iya mayar da abin da ya yanke. Washegari na rufe yatsun Kalilu karo na biyu.

Wannan malamin asibitin shi ne Sirajo. Kwana ashirin ina kai wa Kalilu abinci, shi kuma yana wanke masa miki. Ran nan ya ga wuƙa a ƙuguna ya tambaye ni sana'ata.

"Mahauci? Ashe bawana ne. Ni ɗan masunta ne, ka riƙa durƙusawa in ka gan ni."

"Ai tun daga ƙofa na ji ƙarnin kifi," na ce. "Na zata ko magani ne."

Kun san wasan da ke tsakanin mahauta da masunta. Daga nan munka saba, ko da yake na girme shi da kusan shekara goma. In na tashi kasuwa sai in biya in zauna tare da shi ƙarƙashin dogonyaron bakin ƙofar asibiti.

A Argungu anka haife shi. Ubansa masunci ne, mai jirgi ɗaya da 'ya'ya tara. Sirajo ne kaɗai ya yi boko, shi ma don ruwa bai karɓe shi ba. Ko a jirgi ya zauna sai amai. Ya gama firamare, ya yi makarantar koyon aikin asibiti ta shekara biyu, anka kawo shi Birnin Kebbi. Shekara goma sha shida yana wankin miki da miƙa wa likitoci almakashi a ɗakin tiyata. Ba shi da yawan magana, sai dai tambaya. In ya ga abu sai ya san dalilinsa. Ya taɓa tsare ni rabin yini yana tambayar me ya sa hanta ke riga tsoka lalacewa.

Abin Kalilu ya tsaya masa a rai, don ba shi ne na farko ba. Tunda injinan casa da na ban ruwa sunka cika fadama, ba a wata biyu ba a kawo mai guntun hannu ba, kuma kowa ya zo, an riga an rufe yatsun a gida. Ko da ba a rufe ba, likita ya ce sai da sanyi suke jure tafiya. Ina ƙanƙara a Zauro? A cikin birni ma sai ka yi yawo.

Wata rana ya ce mini, "Hodi, in nama ya rage maka ba ka son shi lalace kafin yamma, ina kake aje shi?"

"Gindin randa."

"Haka innata ke yi da fura. Yashin nan mai laima na gindin randa. To mi zai hana a ɗauki gindin randa a tahi da shi?"

Dabarar tasa ke nan. Tukunya babba, a zuba yashin gulbi, a jiƙa shi, a kafa ƙaramar tukunya a tsakiya, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Yatsa kuma a naɗe shi da ƙyalle mai tsabta, a sa a leda a ƙulle don kada ruwa ya taɓa shi, a jefa cikin ƙaramar. Ba abin da babu shi a kowane ƙauye.

Amma Sirajo ba ya yarda da abu sai ya gwada. Matarsa Laure tana kiwon awaki da tumaki a gidansu na unguwar Nassarawa, tana sayarwa da layya. Sai ya riƙa yi wa dabba allurar kashe zafi, ya yanki 'yar fata daga kunnenta gida biyu. Ɗaya ya sa a tukunya, ɗaya ya sa a gwangwani ya aje a inuwa. Tun safe har la'asar, sannan ya ɗinke su duka a mazauninsu. Ni ke riƙe masa dabbar. Kusan duk na tukunya sunka kama. Na gwangwani sai su yi baƙi su bushe su faɗi. Yana rubuta komai a wani littafin 'yan makaranta: rana, awa, wace akuya.

Laure ba ta ce komai ba sai da Babbar Salla ta matso, masu saye sunka zo sunka ga kunnuwa duk ɗinki. Ba mai yin layya da dabba mai yankakken kunne. Haka sunka juya ɗaya bayan ɗaya.

Ina zaure na ji ta daga cikin gida. "Malam, kiwon shekara guda na yi. Ko ɗaya ba ka bar mini da kunne ba."

"Sun warke ai. Dibi wagga, ko tabo ba ta da shi sosai."

"To kai ka yi layya da ita. Ka ce ma liman likita ce."

Ni na kwashe su goma sha ɗaya na yanka a kasuwa. Laure ta yi wata ba ta amsa gaisuwata da kyau.

Da ya nuna wa Likita Ja'afar littafin, likita ya karanta har ƙarshe a tsaye. Ya ce masa, "Malam Sirajo, kunnen akuya ba yatsan mutum ba ne. Yatsa na da ƙashi da jijiya. Kuma sanyin tukunya bai kai na ƙanƙara ba, ko kusa. Mai yiwuwa shina ƙara awa uku, mai yiwuwa ba shi ƙara komi. Amma abin tambaya ne."

Bayan wata biyu likita ya zo masa da wata takarda da ya yago daga mujallar likitoci. Wata gidauniya ce a ƙasar waje da ke ba da kuɗin bincike a kan mayar da gaɓar da ta yanke, ko dasa wata a madadinta. Sirajo ya fassara mini ita ƙarƙashin dogonyaro, yana bin layi da yatsa.

"Ka ji nan? Ba su neman wanda yar riga yag gama. Wanda ke da tunani sabo, bai da abin gwadawa, shi suke so. Sun ce ko da abin bai yi ba daga baya, ba laifi. Ka taɓa jin masu kuɗi sun faɗi haka?"

"Ban taɓa ba."

"To ga su."

Abin da Sirajo da likita sunka roƙa ba mai yawa ba ne. Madubin tiyata mai ƙafa wanda ake ganin ƙananan jijiyoyi da shi, zaren ɗinki wanda ya fi gashi siranta, ma'aunin zafi, awaki, da shekara ɗaya da rabi ta aiki. Sati uku suna rubutu, sannan anka kai wa mai tafireta ya buga. Sunan likita ne a sama, don gidauniyar ba ta ba da kuɗi sai ga likitan tiyata. Sunan Sirajo na can ƙasa, wurin mataimaki. Na ce masa ai dabarar tasa ce. Ya ce shi dai a mayar da yatsu, sunan kowa a sa.

Ranar da sunka kai takardar gidan waya likita ya ja masa kunne. Ya ce kada ya gaya wa mutane komai tukuna, sai amsa ta zo, sai kaya sun iso. Sirajo ya ce to. Amma a ransa yana lissafin cewa ranar da kaya za su iso, in mutane na nan suna rufe yatsu, me za a ɗinka? Al'ada ba ta sauyawa a wata ɗaya. Gara ya fara tun yanzu. Nan ne ya yi kuskuren da ya bi shi har ya bar aiki.

Ya ja ni munka tafi zauren Malam Abdussamadu, babban malamin unguwarsu, wanda ko daga ƙauyuka ake zuwa masa da tambaya. Sirajo ya durƙusa ya yi bayani tun daga farko. Malam ya saurara, idonsa a rufe.

"In akwai tsammanin a mayar da shi jiki shi ci gaba da aiki," in ji Malam, "to ba a gaggauta rufe shi. A kai shi inda za a mayar. In an kasa, sannan a suturta." Ya buɗe ido. "Amma Sirajo, ka tabbata akwai mai mayarwa?"

"Akwai, Allah gafarta Malam."

Malam ya faɗi wannan magana a wurin karatunsa na yamma, almajiransa manya sunka kai ta garuruwansu. Shi kuma Sirajo ya sa anka gina masa tukwane, manya da ƙanana. Duk ranar da ba ya aiki sai ya ɗaura biyu a bayan babur ya kama hanya. Zauro, Ambursa, Alwasa, har Argungu. Duk inda ya ji ƙarar inji sai ya tsaya. Wuri ashirin da uku ya aje tukunya. Ya koya musu naɗewa da ƙulle leda, ya ce a riƙa jiƙa yashin kullum, kuma in abu ya faru a duba agogo. Masu inji sunka riƙa yi masa dariya, suna aje furarsu da goro a ciki. Bai damu ba. Ya ce mai aje fura ba ya barin yashi ya bushe.

Kuma sai Allah ya sa anka dace sau ɗaya. Wani mai injin ban ruwa daga Ambursa ya zo da kan yatsansa a tukunya, daga farce zuwa gaɓar farko. Likita Ja'afar ya yi wa Sirajo wani kallo, amma ya ɗinka da 'yan kayan da ke gare shi. Ya kama. Ya sandare, ba ya lanƙwasa, amma yana nan. Mutumin nan ba kasuwar da bai ɗaga yatsan ya nuna ba. Kafin damina ta fita, daga nan har Argungu kowa ya ji cewa a Birnin Kebbi ana mayar da yatsu, ka dai je da tukunya ka nemi Malam Sirajo.

Abin da mutane ba su sani ba, Likita Ja'afar na aro ne. Mutumin wajen Gusau ne, da anka raba ma'aikata tsakanin jihohin biyu sunansa ya faɗa Sakkwato, an bar mana shi ne kafin mu samu namu. Tsakiyar shekarar casa'in da uku anka kira shi. Ya ce wa Sirajo da zarar amsa ta zo zai nemi a dawo da shi. Bai cika wata huɗu a Sakkwato ba munka ji ya samu aiki a Saudiyya ya tafi da iyalinsa. Ban ga laifinsa sosai ba, kowa da nauyin da ke kansa. Amma ko layi ɗaya bai rubuto ba.

Na ce wa Sirajo, "Je ka kwashe tukwanen nan. Ka faɗa musu likita ya tahi."

"Amsa na tahe."

"In ta zo wa zai yi ɗinkin?"

"In kuɗi sunka zo, likita zai samu. Hodi, shekara guda na yi kafin su yarda su daina rufewa. In na ce su koma, ko da madubin ya zo gobe ba mai sake saurarena."

Gaskiya ya faɗa. Sai ya zama duk ranar Alhamis yana gidan waya, kuma duk ranar Allah yana addu'ar kada inji ya kama kowa.

Wata Talata bayan azahar, cikin bazarar casa'in da huɗu, muna zaune bakin ƙofa wata motar haya ta tsaya. Wani mutum ya fito rungume da tukunya, rigarsa duk ta jiƙe a gaba. Bayansa wata mata, hannunta naɗe cikin zane. Sunansa Tamba, manomi ne daga wani ƙauye kusa da Alwasa, matar kuma Baiwa. Ta kai shinkafa inji, gefen gyalenta ya shiga bel, ta kai hannu ta ƙwato shi.

"Kai ne Malam Sirajo?" in ji Tamba. "Ga shi. Awa biyu da rabi, na duba agogo yadda kac ce. Ban bari ruwa ya taɓa shi ba. Tun daga gida a cinyata yake, ina zuba ma yashin ruwa da buta."

Har da murmushinsa, irin na wanda ya yi aikinsa daidai.

Sirajo ya karɓa munka shiga. Ya kwance ledar. Babban yatsa ne na dama, sukutum. Na leƙa. Kamar yanzu anka yanke shi, launinsa bai sauya ba, da sanyinsa. Sirajo ya daɗe yana kallonsa.

Likitan da ke aiki ranar sabo ne, bai daɗe da gama karatu ba, kuma bai yi ƙarya ba. Ya ce bai iya wannan aiki ba, kuma ko ya iya ba kayan yi. Sirajo ya ruga ofis ya roƙi a buga waya Sakkwato. Da ƙyar anka samu layi, anka ce tun tafiyar Ja'afar ba mai yi a can. Inda ake jin ana yi kuwa tafiyar yini guda ce. Na ji shi yana ce wa likita a hankali shi ya sha ganin yadda ake yi, a bar shi ya gwada. Likita ya ce in ya ɗinka ba a haɗa jijiya ba, yatsan zai ruɓe ya ja hannun duka. Sirajo ya san haka. Shi ya riƙe hannun Baiwa anka gyara wurin anka ɗinke.

Da ya fito ya faɗa wa Tamba da bakinsa.

Tamba ya ce, "Ban gane ba. Ya lalace ne?"

"Bai lalace ba."

"Mun yi kuskure wurin ƙullewa?"

"Ba ku yi ba. Likitan da ke ɗinkawa ne ba shi nan."

"Yaushe zai dawo? Mu jira."

"Ya bar ƙasar. Ya kusa shekara rabonsa da asibitin nan."

Tamba ya aje butar da ke hannunsa. "Shekara. Kuma tukunyarka tana can wurin inji ana jiƙa ta kullum. Watan jiya ma an gan ka Alwasa. Ba ka da baki?"



Baiwa na zaune kan benci, an rataye mata hannun a wuya. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Innata ta ce a rufe shi bayan ɗakinta. Ni na hana. Na ce mata yanzu an daina wannan." Ta dubi Sirajo. "Malam, kitso nake yi. Da shi nake ci da 'ya'yana in damina ba ta yi kyau ba."

"Ki yi haƙuri," ya ce. 

Ya miƙa wa Tamba ledar. Tamba ya mayar da hannuwansa baya. "Ban komawa da shi. Mi zan ce ma tsohuwa? Kai kas sa anka ɗauko shi daga gida, kai ka san inda za ka kai shi."

Ni da Sirajo munka kai shi gefen maƙabarta kafin magariba. Shi ya haƙa, bai bar ni na taɓa ba.

Bayan sati uku wasiƙa ta zo. Ambulan ɗin duk ya yamutse, an soke adireshi an sake rubutawa har sau uku. Da sunan likita anka aiko ta, ta zo nan, anka tura ta Sakkwato inda anka ce ya koma, ta yi ta zama a can daga tebur zuwa tebur, har wani ya buɗe ya ga sunan Sirajo a ƙasa ya maido ta. Ya karanta mini ita ƙarƙashin dogonyaro. Sun yarda. Sun ce dabarar mai sauƙi ce kuma ta cancanci a gwada. Za su ba da duk abin da anka roƙa. Likita kawai zai sa hannu ya maido cikin kwana casa'in. Ranar da ke kan wasiƙar ta wuce da wata tara.

Duk da haka ya rubuta musu. Ya faɗi abin da ya faru, ya kwafe littafin awaki ya haɗa, ya ba da labarin yatsan Baiwa da yadda ya iso bayan awa biyu da rabi. Amsa ta zo bayan wata biyar, layi shida, da ladabi. Lokaci ya wuce, an ba wasu. Ba su iya ba da kuɗi sai ta hannun likitan tiyata. In ya samu wani, ya sake nema. Shekara biyu yana bin duk sabon likitan da anka kawo da littafinsa. Wasu sun karanta, wasu sun ce ya aje a tebur. Ba wanda ya koyi irin wannan ɗinkin a cikinsu.

Tukwanen kuwa, tun satin da wasiƙar farko ta zo ya fara kwashe su. Sai da ya fara komawa zauren Malam Abdussamadu. Wannan karon ban shiga ba, na tsaya ƙofa, amma na ji.

"Ranar na tambaye ka," in ji Malam.

"An tambaye ni, Allah gafarta Malam. Ranar akwai."

"Da likitan yat tahi fa?"

Malam ya ci gaba:

"Hukunci bai sauya ba. Amma zan gaya musu ba mai mayarwa yanzu. Da bakina na aika su, Sirajo."

Ya bi wuraren nan ashirin da uku ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya gaban masu inji ya ce a daina kawowa. Wasu sunka hana shi tukunyar, sunka ce furarsu ta saba. Wasu sunka tambaye shi ko yanzu kunnen jaki zai koma yanka. A Zauro wani ya ɗaga guntun hannunsa ya ce, "Malam mai tukunya, nawa fa, yaushe za a tono?" Anka yi dariya. Shi ma ya ɗan yi, ya ɗaura tukunyarsa ya wuce.

Sai dai labarin farko ya riga ya yi nisa, ya shiga ƙauyukan da bai taɓa zuwa ba, inda mutane sunka haɗa nasu tukwanen da kansu. Labari na biyu bai kai can da sauri ba. Cikin shekara uku tukunya bakwai sunka ƙara zuwa. Ko yana cin abinci anka ce ga mai tukunya, sai ya wanke hannu ya fita. Bai taɓa tura wani ya faɗa musu ba. Biyu sun koma da nasu gida. Biyar shi ya rufe. Kuma kowanne sai da ya buɗe ya duba, ya tambayi awa nawa, ya rubuta a littafin nan, ko da yake ba mai karantawa.

Na taɓa tambayarsa ko yana ganin dabarar na aiki da gaske. Ya ce bai sani ba. Ya ce yatsa na iya yin kyau a ido alhali cikinsa ya mutu, ba a sani sai an ɗinka an gani. "Mai yiwuwa banza ce tun farko, Hodi. Da an gwada da na sani, in huta." Ni abin da ke ci mini rai ke nan har yau. Kuɗin nan an ba da su. Sun yi wata tara suna yawo cikin ambulan tsakanin garuruwa biyu da mota ke haɗawa cikin rabin yini. Wanda ya yi tunanin, ya ɓata kiwon matarsa, ya ƙone man babur ɗinsa, bai isa ya sa hannu ya karɓa ba. Wanda ya isa kuma ba ya nan.

Daga baya ya roƙi a fitar da shi daga ɗakin tiyata, anka mayar da shi wurin ba da kati. Tambayoyin nan nasa sunka ƙare. In na je sai mu zauna mu yi shiru, ko wasan bawa da ubangida ya daina ja na da shi. Ya yi ritaya a shekarar dubu biyu da uku. Laure ta rasu bayan shekara biyu.

Yanzu Malam Sirajo yana Argungu, a gidan 'yarsa Hamida. Idonsa na hagu ya yi yana, ba ya gani da shi. Da safe yana tsaron shagon surukinsa na taki da irin shinkafa, da azahar ya koma gida.